Bin Sawun Rumawa a Kudancin Faransa: Jagora daga Nîmes zuwa Vaison

A wani lungu na birnin Nîmes, kan titin Lampèze, akwai wani zagayayyen kwarmi na dutse, faɗinsa kusan mita shida, an kange shi da ƙarfe. Ba a biyan ko sisi kafin a gan shi, amma baƙi kaɗan ne suke takawa wurin. Idan ka leƙa za ka ga manyan ramuka goma jere a jikin bangonsa. Nan ne ruwan da ya yi tafiyar kilomita 50 daga kusa da garin Uzès yake zubowa, sai bututun dalma goma su raba shi zuwa unguwannin birni. Wanda ya tsaya minti goma a gaban wannan kwarmi, in ya isa gadar Pont du Gard washegari, ya san inda ruwan da ya bi ta kanta ya dosa, ya kuma san don me aka sha wahalar gina ta.

Shawarata duka a kan wannan ta ginu. Kufai ba ya bayyana kansa. Kowane kango da za ka ziyarta, ka haɗa shi da abin da zai fassara maka shi, walau gidan tarihin da ke kusa, walau wani ɗan ƙaramin wuri irin wannan. Gara ka ga wurare biyar ka fahimce su da ka zaga goma sha biyar ka koma gida da hotuna kawai.

Mataki na farko: san ƙasar da za ka taka

Yankin da muke magana shi ne ƙasan kogin Rhône, inda yankunan Provence da Occitanie suka yi iyaka. Rumawa sun kama shi tsakanin shekarun 125 da 121 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun kafin su ci sauran ƙasar da a yau ake kira Faransa. Suna ce masa Provincia, wato lardi, kuma daga nan sunan Provence ya samo asali. Daga baya suka zaunar da tsofaffin sojojinsu a garuruwa irin su Arles da Orange, suka ba su gonaki. Shi ya sa manyan gine-ginen suka taru a wuri guda, kowane gari bai fi tafiyar awa ɗaya da ɗan'uwansa ba.

Na bar sunayen garuruwa yadda ake rubuta su, domin haka za ka gan su a allon tasha. A baki kuwa, Nîmes "Nim" ake cewa, Arles "Arl", Orange "Oranj". Kada kuma a rikita waɗannan Rumawa da waɗanda Suratur Rum ta ambata. Waɗancan Rumawan gabas ne, masu hedikwata a Kustantiniyya, kusan shekara ɗari shida bayan an gina yawancin abin da za ka gani a nan.

Mataki na biyu: lokaci, biza da hanya

Ka zo a Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba ko Oktoba. Mutumin da ya saba da zafin bazara yakan raina ranar Turai, kuma kuskure ne. A Yuli da Agusta Nîmes na cikin garuruwan da suka fi zafi a Faransa, farin dutse yana mayar da rana a fuska, kuma yawancin kufan ba su da inuwa. Da hunturu da farkon bazara kuma akwai iskar da suke kira mistral, mai sanyi da ƙarfi, wadda take gangarowa ta kwarin Rhône ta yi kwanaki tana kaɗawa. Ka riƙe riga mai kauri ko da sama ta yi garau.

Ka kuma duba kalandar bukukuwa. Ana yin bikin wasan bijimai a dandalin Nîmes, wato zagayayyen filin wasan da Rumawa suka gina, lokacin bikin Kiristoci na Fentikos da kuma Satumba, a Arles kuma lokacin Ista da Satumba. A waɗannan ranaku masauki yana tsada, kuma akan rufe dandalin ga masu ziyara.

Mai fasfon yawancin ƙasashen Afirka yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar haɗaka ta ƙasashen Turai da dama. Ana fara cike takardu a shafin France-Visas, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kada ka bar shi sai ƙurarren lokaci.

Daga Faris, jirgin ƙasa mai gudu na TGV yana tashi daga tashar Gare de Lyon ya kai Nîmes cikin kimanin awa uku. A nan akwai tarkon da ya kamata ka sani: tashoshi biyu ne. Nîmes Centre tana tsakiyar gari, minti kaɗan a ƙafa zuwa dandali. Ɗayar, Nîmes Pont-du-Gard, wadda aka buɗe a 2019, tana wajen gari, kuma duk da sunanta ba ta kusa da gadar. Ka sayi tikitin Nîmes Centre. In kuma jirgin sama ya sauke ka a Marseille, akwai jirgin ƙasa daga can zuwa Arles da Nîmes.

Ka kama masauki ɗaya a Nîmes na kwana uku, sannan ka koma Avignon ko Orange na kwana biyu. Ɗaukar jaka kullum daga otel zuwa otel yana cinye rabin yini. A duk garin da ka shiga, ka tambayi tikitin haɗaka a wurin farko da ka je, domin Nîmes da Arles duka suna da shi kuma ya fi sauƙi. Gidajen tarihi da dama suna rufewa rana ɗaya a mako, galibi Litinin ko Talata, sai ka duba kafin ka tsara ranakunka.

Rana ta farko: Nîmes

Fara da gidan tarihi na Musée de la Romanité, wanda aka buɗe a 2018 daura da dandalin. Na san zuciya za ta ja ka zuwa dandalin tukuna, ga shi nan tsaye a gabanka. Ka daure. Awa biyu a gidan tarihin za su canza yadda za ka kalli sauran garin. Ka nemi daɓen Pentheus (wani sarki ne a tatsuniyar Girkawa), wani shimfiɗeɗen daɓe na ƙananan duwatsu masu launi da aka tono tsakanin 2006 da 2007 a titin Jean-Jaurès, lokacin da ake shirin gina wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. Ka matsa kusa ka ga yadda kowane ɗan dutse bai fi farcen ɗan yatsa ba, sannan ka ja da baya ka ga fuskoki da tsuntsaye sun fito. Ka nemi kuma tsabar kuɗi mai hoton kada ɗaure da bishiyar dabino. Tana tuna nasarar Kaisar Augustus a kan Masar, kuma har yau ita ce tambarin garin, za ka gan ta ko a kan ƙusoshin da aka kafa a daɓen tituna.

A wannan tonon na titin Jean-Jaurès ne kuma aka sami abin da ya fi taɓa ni a tarihin garin: kaburbura uku, an kwantar da mamatan a gefen dama, fuskokinsu na duban alƙibla. Binciken da aka fitar a 2016 ya nuna Musulmi ne masu asali daga Arewacin Afirka, kuma lokacinsu ya yi daidai da ƙarni na takwas, sa'ad da rundunar Banu Umayya ta kama Narbonne a 719 da Nîmes a 725. Suna cikin kaburburan Musulmi mafi tsufa da aka sani a Faransa. Waɗannan bayin Allah sun ga dandalin nan da idonsu, a lokacin ya riga ya haura shekara ɗari shida.

Yanzu ka shiga dandalin. An gina shi wajen shekara ta 100 miladiyya, tsawonsa mita 133, faɗinsa 101, kuma yana ɗaukar mutum kimanin 24,000. Kada ka tsaya a ƙasa. Ka hau har sahun ƙarshe, ka lura da yadda aka tsara lunguna da matakala domin dubban mutane su fita cikin ɗan lokaci ba tare da turereniya ba, kuma kowane rukuni na jama'a da hanyarsa: manya a ƙasa kusa da fili, talakawa da bayi a can sama. A gefen bango na sama akwai duwatsu masu huda da suka ɗan fito waje, a nan ake kafa sandunan rumfar da ke tare rana. Ka kuma tuna abin da ake yi a filin. Mutane ne suke faɗa da juna da namun daji, wani lokaci har mutuwa, jama'a na shewa. Kyan ginin bai kamata ya mantar da kai wannan ba.

Daga nan ka taka zuwa Maison Carrée, ɗakin bautar da aka keɓe wa Gaius da Lucius, jikokin Augustus, a farkon ƙarni na ɗaya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Ka tsaya a gabansa ka ɗaga kai sama da ginshiƙai, za ka ga ƙananan ramuka barkatai a jikin dutse. Da can haruffan tagulla ne a kafe a wurin, aka ɓamɓare su. A 1758 wani masani ɗan garin, Jean-François Séguier, ya bi tsarin ramukan ɗaya bayan ɗaya har ya gano abin da aka rubuta. Abin da ya ceci ginin daga rushewa shi ne ba a taɓa barinsa fanko ba: ya zama gida, ya zama bargar dawaki, ya zama coci.

Da la'asar sakaliya ka nufi lambun Jardins de la Fontaine, inda maɓuɓɓugar da ta haifi garin take, ka hau tudu zuwa hasumiyar Tour Magne. A hanyar dawowa ka biya ta kwarmin titin Lampèze.

Rana ta biyu: Pont du Gard

Motocin bas na yankin, masu suna liO, suna zuwa daga Nîmes da Avignon, amma suna raguwa ranar Lahadi, don haka ka rubuta lokacin motar ƙarshe tun kafin ka sauka. Ka isa da sassafe. Gidan tarihin yana gaɓar hagu ta kogin Gardon, kuma a nan ma da shi za ka fara.

Ga abin da za ka riƙe a ranka. Tsakanin maɓuɓɓugar Eure da ke kusa da Uzès, inda ruwan ke tasowa, da Nîmes, a miƙe, kilomita 20 ne kacal, amma tuddai sun tare hanya, sai magudanar ta yi kewaye na kilomita 50. A duk wannan tsawo, gangaren bai kai mita 13 ba. Wato a kowace kilomita ruwan yana sauka ne da kimanin santimita 25, taƙi ɗaya da 'yan yatsu. In an zurfafa gangaren, ruwa ba zai kai birni a tsayin da ake so ba. In an kwantar da shi fiye da haka, ruwa ya tsaya. Babu inji, babu famfo, sai awo da haƙuri. Duk wanda ya taɓa haƙa lambatu a gonar rani ya ga ruwa ya ƙi bin hanyar da ya tsara masa, shi ya fi kowa sanin girman wannan aiki.

Gadar kanta an gina ta a tsakiyar ƙarni na ɗaya, tsayinta kusan mita 49, hawa uku: baka shida a ƙasa, goma sha ɗaya a tsakiya, talatin da biyar a sama. Hawa biyu na ƙasa an jera su ne da manyan duwatsu ba tare da kwaɓi ba, wasu sun kai tan shida. Duwatsun da ka ga sun turo kai daga bango ba kuskuren magina ba ne, a kansu ake ɗora katakon tsayawa lokacin gini da gyara. Hanyar da kake takawa a gefen hawan ƙasa kuwa ƙari ne da aka yi a shekarun 1740. A jikin duwatsunta za ka ga sunaye da hotunan guduma da sauran kayan aiki, waɗanda masassaƙan dutse na ƙarnonin baya suka zana sa'ad da suka zo koyo daga aikin magabata.

In da hali, ka yi rajistar zagayen da jagora ke shiga da mutane cikin magudanar da ke can ƙoli. A ciki za ka ga wani kauri kamar ɓawon itace manne a bango hagu da dama, har ya matse hanyar. Gishirin dutse ne da ruwa ya riƙa ajiyewa shekara da shekaru. Muddin akwai masu kankarewa da masu gyara, ruwa na isa birni. Da hukuma ta yi rauni aka daina kula, manoma suka riƙa huda magudanar suna jan ruwa, hanya ta toshe, har aka bar ta wajen ƙarni na shida.

Ka haye gaɓar dama ka gangara bakin ruwa, daga nan ake ganin gadar gaba ɗayanta. Ka zo da abincinka da ruwan sha.

Rana ta uku: Arles

Jirgin ƙasa daga Nîmes kimanin rabin awa ne. Arles ta goyi bayan Yuliyus Kaisar a yaƙinsa da Marseille a shekara ta 49 kafin miladiyya, shi kuma ya saka mata da zaunar da sojojin runduna ta shida a cikinta. Daga nan ta zama babbar tashar jiragen ruwa.

Gidan tarihinta, Musée départemental Arles antique, shuɗin gini ne a gefen gari kusa da kogi, tafiyar kamar minti ashirin a ƙafa, kuma ba ya buɗewa ranar Talata. A ganina ya fi duk gidajen tarihin yankin. Dalili kuwa jirgin dako ne na katako mai tsawon mita 31, wanda ya nutse a Rhône a ƙarni na ɗaya da lodin duwatsun gini. An gano shi a 2004, aka yanka shi gida goma aka fito da shi a 2011, aka kai shi Grenoble aka yi wa katakon magani, sannan aka sake haɗa shi. Ka zaga ta bayansa, inda matuƙan suke girki. Ga murhunsu, ga tukwane da kwanoni, ga doguwar sandar tuƙi. Sauran wurare suna nuna maka sarakuna, nan kuwa 'yan dako ne da abincin darensu. A wannan gida ne kuma aka ajiye kan mutum-mutumin da aka tsamo daga kogin a 2007, wanda wasu masana suka ce Yuliyus Kaisar ne, wasu suka musa. Mai tafiya da iyali ya san cewa yawancin gumakan Rumawa tsirara aka sassaƙa su, a nan da sauran gidajen tarihi.

A cikin gari, dandalin Arles ya yi kama da na Nîmes, sai dai hasumiyoyi uku da ke kansa. Bayan faɗuwar daula mutane sun mai da shi ganuwa, suka gina gidaje sama da 200 a ciki, ba a kwashe su ba sai a shekarun 1820. Gidan wasan kwaikwayo da ke kusa ya sha ɗiba, domin an daɗe ana kwasar duwatsunsa ana gini, ginshiƙai biyu ne suka rage tsaye a bayan fagen. Kada ka wuce Cryptoportiques, dogayen lunguna na ƙarƙashin ƙasa da suka tallafe tsohuwar kasuwa, ana shiga ta ofishin magajin gari. In rana ta yi sanyi ka ƙarasa Alyscamps, tsohuwar maƙabarta mai jerin akwatunan gawa na dutse a ƙarƙashin bishiyoyi.

Mai mota ko keke ya leƙa Barbegal kusa da Fontvieille, inda Rumawa suka jera injinan niƙa goma sha shida a gangaren tudu, ruwa na faɗowa daga wannan ya juya na ƙasansa. A zamaninsu, hatsi suke niƙawa ya zama gari.

Ci, sha da salla

Gidajen abinci suna ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, bayan nan kicin ya rufe sai dare. A Nîmes ka ɗanɗani brandade, kifi ne da aka kirɓa da man zaitun da madara. Ka kiyayi tsiran alade da ake kira saucisson, da kuma gardiane, naman sa da ake dafawa da giya. Akwai mutanen Maroko da Aljeriya da yawa a waɗannan garuruwa, saboda haka mahautan halal da masallatai ba sa wuyar samu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, sai ka tsara sallolinka da jadawalin garin. Famfon da aka rubuta wa "eau non potable" ba na sha ba ne. Duk inda ka shiga, kanti ko wurin sayar da tikiti, ka fara da "bonjour" kafin ka faɗi buƙatarka, domin suna ɗaukar rashin gaisuwa raini ne, kamar yadda muke ɗauka. Kuma kada ka ɗauki ko tsakuwa ɗaya daga kufai, doka ta hana.

Rana ta huɗu da ta biyar: Orange, Glanum, Vaison

Orange tana da abin da ya ɓace a kusan duk gidajen wasan Rumawa: bangon bayan fage, tsawonsa mita 103, tsayinsa 37, da mutum-mutumin Augustus a wani gurbi can sama. Ka zauna a sahun ƙarshe ka sa abokin tafiyarka ya yi magana daga ƙasa, ka ji yadda bangon ke turo murya. Sannan ka tsallaka titi zuwa ɗan ƙaramin gidan tarihin da ke fuskantarsa. A bango an jera gutsattsarin mabul na taswirar gonaki da aka zana a shekara ta 77, zamanin Sarki Vespasian. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, an rubuta wadda aka ba sojoji, wadda ake haya da kuɗin hayarta, da wadda aka mayar wa 'yan ƙasa na asali. A nan za ka ga yadda mulkin mallaka yake a rubuce, da lamba da awo. A arewacin gari kuma akwai ƙofar nasara mai baka uku, cike da zanen makaman waɗanda aka ci da yaƙi.

Rana ta ƙarshe sai ka zaɓi ɗaya. Glanum, kusa da Saint-Rémy-de-Provence, gari ne sukutum da aka yashe wajen shekara ta 260, ƙasa ta binne shi har aka fara tono a 1921. Ana bin titinsa daga gidaje da gidan wanka har zuwa maɓuɓɓugar da aka kafa garin dominta, kuma a bakin hanya akwai hasumiyar tunawa da mamata ta gidan Julii, mai tsayin mita 18.

Ni dai Vaison-la-Romaine zan zaɓa, ana samun bas daga Orange. A unguwannin Puymin da La Villasse za ka shiga gidajen attajirai ɗaki-ɗaki, ka bi titin kantuna mai shimfiɗar dutse, ka ga har bayan gida na jama'a da kujerunsa a jere. Gidan tarihi na Théo Desplans yana cikin Puymin, tikiti ɗaya ya isa. In ka gama, ka gangara zuwa kogin Ouvèze. Akwai gadar Rumawa mai baka ɗaya tak a wurin da kogin ya matse tsakanin duwatsu. Ranar 22 ga Satumba 1992 ambaliya ta afka wa garin, ta hallaka mutane da dama, ruwa ya haye kan gadar ya tafi da katangar gefenta. Bakan bai motsa ba. An sake gina katangar, kuma ta kan gadar za ka bi ka hau tsohon garin da ke kan tudu.